Katantanwar da Muka Yi Wata Huɗu Muna Nema

Har in ajiye aikin nan ba na jin zan manta da wata Talata ta watan Maris, ranar da muka isa bakin tafki kwana ɗaya kafin ranar da aka san za mu zo. Ku da kuka shigo ɗakin gwajin nan kwanan nan kuna jin ana tsokanata da "Sahabi mai waya", kuna taya su dariya ba ku san mafarin ba. To ku gyara zama ku ji daga bakin mai ita.

Ni dai kun san matsayina, babban ma'aikacin ɗakin gwaji ne a sashen nazarin halittu, ba malami ba. Mu ne masu haɗa sinadarai, masu kula da madubin gwaji, masu raka masu bincike daji mu dawo da taɓo har gwiwa. A shekarar da nake ba ku labari, jami'a ta fitar da sanarwar guraben bincike ga waɗanda suka gama digirin digirgir, a fannin kimiyyar lafiya da na halittu. A nan fosdok muke ce wa abin. Ni kuwa Allah ya yi ni da shegen son sani, sai da na tare Farfesa, shugaban sashenmu, a bakin matakala.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wai shi mai fosdok ɗin nan ɗalibi ne ko malami?"

Ya ce, "Ba ko ɗaya. Ya gama karatu amma bai samu kujera ba. Shekara ɗaya ake ba shi ya nuna abin da zai iya. In rahotonsa ya gamsar da kwamiti a ƙara masa ta biyu, daga nan ƙofar aiki kan buɗe. In bai gamsar ba, ya kama gabansa."

Gurbin sashenmu Dakta Saratu ce ta samu, 'yar Zariya, siririya, ba ta da yawan magana amma tambaya kamar ta fi ni. Ta baro mijinta da 'yarta ƙarama a can ta zo. Bincikenta a kan tsargiya ne, wato fitsarin jini. Mu da muka tashi a Yelwa, muna yara cewa ake yi alamar balaga ce, har wanda bai yi ba ake wa dariya. Ita ce ta zaunar da ni ta warware mini yadda abin yake. Ƙwan cutar yana fita a fitsarin mai ita, ya ƙyanƙyashe a ruwa, tsutsar ta shiga wata 'yar katantanwa da ba ta wuce ƙwayar wake ba. A cikinta take hayayyafa, sannan ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba katantanwa, ba tsargiya. Abin da Dakta ke son sani shi ne, a gaɓar tafkin Kainji, a wane wata kuma a wane gurbi katantanwar ta fi yawa, don a san lokacin da ya fi dacewa a raba magani.

Da yake ni ɗan ƙasar ne, Farfesa ya haɗa ni da ita. Ta fara aiki a Yuli, amma takardu suka cinye mana wata huɗu: izinin kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike, izinin ƙaramar hukuma, gaisuwar hakimi. Saboda halin tsaro a hanya, gari ɗaya kacal aka amince mana, wani ƙauyen masunta da manoman albasa can gaba da Wara a ƙasar Ngaski. Ba zan faɗi sunansa ba. A takardar izinin an rubuta gurabe uku: tashar kwalekwale, wurin wankin mata, da wurin wanka. Ba mu da ikon ƙara ko ɗaya sai an koma wa kwamiti.

Tun kafin tafiyar farko na ja kunnenta. Na ce, "Dakta, a ƙasarmu ba a afka wa gari haka kawai. Ki bar mini wannan. Duk zuwan da za mu yi, kwana biyu kafin nan zan buga wa Maigari waya." Ta ce madalla, ai ni na san mutanena. Wallahi har wani fankama nake yi da wannan wayar.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. Laraba ta farko a kowane wata, mu biyu mu sa dogayen takalman roba da safar hannu, kowa da rariya mai doguwar ƙota. A kowane gurbi rabin awa cif, ana kallon agogo, ana kamfatar ƙasan ruwa da jikin ciyawa da duk wani tarkace. Abin da aka samu a tsince da hantsaki a zuba a kwalba. Daga baya a sa kowace katantanwa cikin ɗan kofi da ruwa mai tsabta, a ajiye a haske, a duba da madubi ko ta saki tsutsa. Akwai fom da ake cikewa: zafin ruwa, zurfinsa, irin ciyawar da ke wurin.

Nuwamba muka fara. Maigari, dattijo dogo mai farin gemu, ya tarbe mu da kansa, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo fura da gasasshen kifi. Da muka sauka bakin ruwa sai da Dakta ta tsaya. Yashi fari tas, ruwa garai-garai, ba leda, ba kara, ba ko ganyen bado. Ta ce, "Kai, Baba, garinku akwai tsabta!" Maigari ya yi murmushi har kunne. Ni ma na ƙara gishiri, na ce ko Yelwa ba ta kama ƙafarsu ba. Muka yi awa ɗaya da rabi muna kamfata, muka tashi da ɓawon katantanwa biyu, su ma matattu.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne gwajin fitsari. A makarantar firamaren garin, da yardar iyaye, mun karɓi fitsarin yara da hantsi, kuma ba sai an kai ga madubi ba, wasu kwalaben da ido ma ja suke. Na duba da kaina, ƙwai ga su nan da 'yar ƙayarsu a gindi. Muka miƙa sunaye ga asibitin yankin aka ba su magani. Cuta dai tana garin, amma mai ɗauke da ita ta ce ku nemo ni.

Disamba haka, Janairu haka. A motar dawowa Dakta ba ta barin kowa ya yi gyangyaɗi. Ko igiyar ruwa ce ta yi ƙarfi a gaɓar? Muka auna, ba ta kai ba. Ko sabulun wanki ne ke kashe su? To tashar kwalekwale fa, wa ke wanki a can? Ni na kawo tawa, na ce agwagin garin ne ke cinye su. Ba ta raina ni ba, sai da muka sayi agwagwa aka yanka muka buɗe ƙundunta, muka samu tsakuwa da dawa. Direbanmu ya tafi da naman gida yana sa mana albarka. Muka tambayi masunta ko akwai kifin da ke cin katantanwa, suka lissafa mana, muka buɗe cikin wasu, shiru. Ta tambayi yaran ko suna wanka a wani wuri daban, suka ce nan dai, inda muke tsayawa. A fom kuwa, gurbin ciyawa, kullum abu ɗaya take rubutawa: babu. Ta ɗauka yashin wurin ne da zirga-zirgar jirage ba sa barin komai ya tsiro.

Gaskiya ni abin daɗi yake mini, kamar wasan wasa ƙwaƙwalwa. Ita kuwa ba wasa ba ne a wurinta. Bayan tafiyar Fabrairu Farfesa ya kira mu ofis.

Ya ce, "Dakta, ƙarshen Afrilu rahotonki zai shiga. Wata huɗu, fom goma sha biyu, duk sifili. Me zan gaya wa kwamiti?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sifilin ma sakamako ne, in na gano dalilinsa."

Ya ce, "To gano shi. Akwai mutum uku da ke jiran gurbin nan."

Da muka fito na ga ta tsaya a baranda tana kallon hoton 'yarta a waya. Na wuce kamar ban gani ba, amma tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Sai ga Maris. Ran Litinin da safe na buga wa Maigari waya kamar kullum, na ce Laraba muna tafe. Da azahar ofishin sufuri suka aiko cewa motar sashe za ta ɗauko baƙon mai jarrabawa ran Laraba, in muna so mu tafi Talata, in ba haka ba sai wani makon. Dakta ta ce Talata. Na sake neman Maigari, waya a kashe. Na kira ya fi sau goma. Ashe an kai ta caji Wara. Raina ya ɓaci sosai, duk hanya ina mita, ina cewa za mu ji kunya, za a ce ɗan Yelwa bai san ya kamata ba.

Tun daga gonakin albasa muka fara jin kiɗan ganga. Direba ya ce ko biki ake yi. Da muka zagayo bayan gari muka hango bakin ruwa, sai na ce ya tsaya.

Gari ne kaf a wurin. Maza sun tuɓe riguna, suna cikin ruwa har ƙugu, wasu har ƙirji, da lauje da adda suna yankan burgu, ciyawar nan mai tsayi da shanu ke so. Wasu suna jan kainuwa da bado da tsohon taru. Mata suna kwasa a kwanduna suna tarawa a tudu, wasu da tsintsiya suna bin yashi. Leda, tsofaffin takalma, karan dawa, guntayen buhu, duk an tsamo an yi tsibi. Ga mai ganga a kan kwalekwale yana zuga su. Wurin da muka sani fari tas, rabinsa kore ne shar, ba ka ko ganin ruwan.

Wata tsohuwa mai bandar kifi, Inna Ladi, wadda kullum take ajiye wa Dakta kifi mai kyau, ita ta fara ganinmu. Ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Kai, ɗan nan! Ba gobe anka ce kuna zuwa ba? Ga shi kun iske mu ba mu ƙare ba."

Na ce, "Inna, aikin mi ake yi haka?"

Ta ce, "Sharar baƙi mana. Duk wata in ka bugo waya, Maigari shi sa a yi shela, kowa shi fito. Yo likita guda ta taso tun daga jami'a, mu bar ta ta shiga cikin ƙazanta? Ai tun da ta yaba muna ran farko, Maigari ya ce ba a fasawa."

Na ce, "To ciyawar fa, ina kuke kai ta? Ba mu taɓa ganin ko tsinke ba."

Ta ce, "Burgu Fulani ka kwashewa su ba shanu. Saura a kai gonar albasa a turbuɗe. Kahin ku iso ko alama babu."

Jama'a, ban san lokacin da na zauna a kan wani kifaffen kwalekwale ba. Ni da innata ba ta taɓa yin baƙo ba ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa ba, ni da na yi irin wannan gayyar da hannuna ina saurayi duk lokacin da aka ce wani babba zai sauka Yelwa, wata huɗu ina kallon yashi fari a gaɓar Kainji ban tambayi kaina ba. Har agwagwar mutane na sa aka yanka.

Na juya in ba Dakta haƙuri, ban gan ta ba. Tana can gindin tsibin ciyawa a durƙushe, ta sa safar hannu, tana juya ganyen bado ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗago wani ta kira ni da hannu. A bayan ganyen nan guda ɗaya na ƙirga katantanwa tara. Ta ɗauko wani tsohon silifa, cikinsa dam. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, har da hawaye. Tana cewa, "Malam Sahabi, ga su! Ashe suna nan!"

Dariyar ba ta daɗe ba. Ta ɗaga kai ta dubi mazan da ke cikin ruwa, rana ta take, daidai lokacin da tsutsar ta fi fitowa. Fuskarta ta canza. Ta ce, "Ka ce su fito. Yanzu-yanzu. Saboda mu suke shiga ruwan nan duk wata."

Ni na je na samu Maigari. Ya riga ya taho da sauri yana gyara rawani, kunya ta rufe shi don mun iske aiki rabi. Na durƙusa na yi masa bayani da harshen gida, na ce laifin nawa ne, abin da muke nema a jikin dattin yake zaune.

Ya ce, "Wato duk wahalar da munka sha, ɓarna munka yi wa yarinyar ga?"

Dakta ta ce, "A'a, Baba. Karamci kuka yi. Mu ne ba mu tambaya ba."

Ya ce, "To mi kike so a yi?"

Ta ce, "A bar sauran yadda yake. Wata mai zuwa ma kada a taɓa. Kuma duk wanda ya shiga ruwan nan ina so in gwada shi."

Ya dubi rabin da ba a share ba, ya girgiza kai. Ya ce, "In tarbi baƙi cikin wanga? Allah shi kyauta. Amma an bari."

Ranar muka yi aikinmu a rabin da aka share da rabin da ba a taɓa ba, kowanne da fom ɗinsa, ita ta ce a yi haka. Da muka sa katantanwar a haske, na leƙa madubi na ga tsutsotsin suna wutsil-wutsil da wutsiya mai baki biyu. Shekara ashirin da wani abu ina aikin nan, ranar na fara ganinsu da rai. Mazan da suka yarda aka gwada, da yawansu suna ɗauke da cutar, aka haɗa su da asibiti.

Saura rahoto. Farfesa ya ce ta rubuta cewa wata huɗun farko na gwajin kayan aiki ne, ta fara lissafi daga Maris, ba sai an tona zancen waya da shara ba. Ba mugunta yake nufi ba, so yake ya rufa mana asiri mu duka. Ni kaina, ba zan ɓoye muku ba, shawarar ta kwanta mini, don sunana ne zai fito. Dakta ta ce a'a. Ta ce wani zai zo bayanta ya je wani gari ya buga waya, a share masa, ya rubuta cewa babu katantanwa a Kainji, a hana mutane magani. Ta rubuta komai yadda ya faru, ta haɗa da fom goma sha biyun nan masu sifili, da na Maris, da na Afrilu. Sannan ta ƙara tambayar da abin ya haifar mata: in cire ciyawa yana kawar da katantanwa haka, kwana nawa suke yi kafin su dawo, kuma ta yaya za a cire ba tare da mutum ya jiƙa fatarsa ba?

Kwamiti ya zauna a watan Mayu. Ma'aikacin ɗakin gwaji ba ya shiga irin wannan zama, ina waje a kan benci ina jan carbi. Can sai masinja ya leƙo ya ce ana kirana. Farfesoshi biyar a jere, Dakta a tsaye gefe. Wata tsohuwar farfesa daga sashen likitanci ta sauke tabarau ta dube ni.

Ta ce, "Kai ne mai wayar?"

Na ce, "Ni ne, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Me ya sa kake kira?"

Na ce, "Don haka ake yi a wurinmu. In da za a sake, zan sake kira. Sai dai wannan karon zan gaya musu abin da muka zo nema, da inda yake zama."

Ta rubuta wani abu, ta ce in tafi. Ban san ko na gyara ko na ƙarasa ɓatawa ba. Mako biyu ba na iya haɗa ido da Dakta sosai. Ita kuwa har ta fara haɗa littattafanta a kwali.

Ran wata Alhamis ina wanke kofuna ta shigo da takarda a hannu, ta ajiye mini a kan tebur. An ƙara mata shekara ta biyu, an kuma amince ta bi sabuwar tambayar, da sharaɗin a samar wa masu cire ciyawa dogayen takalma da manjagara mai doguwar ƙota. Na karanta sau biyu, na ce alhamdu lillahi ya fi a ƙirga. Ta ce, "Kira Baba ka gaya masa."

Na kira, na sa a lasifika. Maigari ya yi hamdala, ya yi mata addu'a mai tsawo. Sai ya sassauta murya.

Ya ce, "Sahabi, tambaye ta. Wata biyu ke nan ina bin bayan gari in za ni masallaci, don kada in ga bakin ruwan nan. Yanzu a share?"

Dakta ta matso kusa da wayar. Ta ce, "Baba, ka ƙara haƙuri mako ɗaya. Ina tafe da takalma, tare za mu share."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A ɗakin nan kwalba ba ta san kana zuwa ba, amma gari ya sani, kuma mutanenmu ba sa barin baƙo ya gan su yadda suke. Za su share, su wanke, su ɓoye maras lafiya a ɗaki, su fito maka da mafi kyawun abin da suke da shi, duk don girmama ka. Kada ku daina sallama, kada ku daina neman izini. Amma in kun isa wuri kun ga komai tsaf, kafin ku buɗe fom, ku nemi wata tsohuwa ku gaishe ta da kyau, ku tambaye ta wane aiki aka yi jiya.